Yadi Dubu Tsakanin Ido Da Cibiya

Da yammacin ranar 26 ga Satumba, 1874, a wani fili da ake kira Creedmoor a gabashin birnin Niyok, gasa ta zo ƙarshe, saura harsashi ɗaya tak. Mutanen Ailan su shida sun gama nasu harbin, makinsu 931. Amurkawa na da 930, wanda ya rage musu kuwa shi ne Kanar John Bodine. Ana dab da kiransa sai kwalbar lemo ta fashe masa a hannu, jini ya ɓalle. Ya sa hankici ya ɗaure, ya kwanta rubda ciki, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa. Abin da zai harba allon ƙarfe ne mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 6, an shafe shi da fari, an zana baƙin murabba'i mai ƙafa uku-uku a cibiyarsa. Daga inda yake kwance zuwa allon yadi 1,000 ne, wato mita 914, kusan tsawon filin ƙwallo tara in an jera su. A wannan nisa baƙin nan bai fi ɗigon tawada ba. Ko gefen allon ya samu sun ci, sai dai a zamanin baƙin albarushi gwanaye ma kan kuskure allon ɗungurungum. Dubban 'yan kallo suka yi tsit. Ya ja kunama, hayaƙi ya turnuƙe, aka yi kamar daƙiƙa uku ana jiran dalma ta isa. Can sai mai duban allo ya ɗaga farin faifai. Cibiya ce, maki huɗu. Amurka 934, Ailan 931.

Na san kalmar bindiga ta yi wa kunnenmu nauyi a shekarun nan. Ɗan bindiga, wanda a da mutumin sarki ne da ke cika gari da ƙarar albarushi ranar hawan sallah yara na bin sa a guje, yau ya koma sunan wanda ake gudu. Labarin nan na wata duniya ne daban, ta mutanen da suka mai da harbin allo wasa mai doka da alƙali da littafin maki, suka kuma shafe sama da shekara 160 suna ja-in-ja a kan magana guda: in an ci gasa, wa ya ci, mutum ko ƙarfe?

Tsoro ne ya haifi wasan. A 1858 wani ɗan Italiya mai suna Orsini ya jefa wa Sarkin Faransa Napoleon na Uku bama-bamai a Faris, aka gano a Ingila aka ƙera su. Hafsoshin Faransa suka harzuƙa, mutanen Ingila kuwa suka shiga zullumin za a tsallako teku a far musu. A 1859 lauyoyi da akawu da masu kanti suka riƙa yin rajista a rundunonin sa-kai, suna atisaye bayan an tashi aiki. Matsalar ita ce yawancinsu ba su taɓa harba komai ba. A ƙarshen wannan shekarar aka kafa ƙungiyar harbi ta ƙasa, NRA, da Lord Elcho cikin manyanta, da nufin a sa wa jama'a son harbi ta hanyar gasa da kyauta. Yaƙin da ake tsoro bai zo ba. Gasar ta zauna.

Ranar 2 ga Yuli, 1860, Sarauniya Biktoriya ta zo fagen Wimbledon, a bayan garin Landan, don buɗe taron farko. An riga an ɗaure mata bindiga ƙirar Whitworth a kan maɗaurin ƙarfe, an saita ta da allon da ke yadi 400, an ɗaura igiyar siliki a kunama. Nata kawai ta ja igiya. Ta ja, harsashi ya faɗa bai kai inci biyu daga tsakiyar cibiya ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai na yi murmushi, don harbin farko a tarihin wasan, wanda aka yi ta tafa wa, babu gwanintar ɗan Adam ko ta anini a cikinsa. Aikin maƙera ne. Sarauniyar ta sa kyautar fam 250 daga aljihunta, wani matashi Edward Ross, ɗan wani shahararren maharbi na Sukotlan, ya cinye.

Shi wannan Joseph Whitworth injiniya ne a Manchesta, mutumin da ya yi suna wajen awo mai tsanani. Don a gane abin da ya yi, sai a tuna bindigar toka ta maharbanmu. Cikin bututunta sumul yake, dalma na fita tana tangaɗi, bayan 'yan taku kaɗan ta kama gabanta. In aka yanka kwarmi murɗaɗɗe a cikin bututun, harsashi zai fita yana juyi kamar katantanwar da yaro ya murza, juyin nan shi ke hana shi wuntsilawa. Turawa sun daɗe da sanin haka. Abin da Whitworth ya ƙara shi ne ya rage faɗin ramin daga inci .577 na bindigar soja ta Enfield zuwa .451, ya tsawaita harsashi, ya tsananta murɗin har ya zama juyi ɗaya a kowane inci 20, sannan ya yi ramin mai kusurwa shida maimakon zagaye. Da aka gwada su a Hythe a 1857, tasa ta yi wa Enfield fintinkau a nesa. Duk da haka gwamnati ta ƙi sayenta wa soja, saboda tsada da kuma saurin cushewa da dattin albarushi. Ka ga tun daga nan hanya ta rabu biyu: akwai bindigar da ta dace da soja, akwai wadda ta dace da mai neman maki.

Masu shirya gasa ma sai suka raba ta haka. Wani ɓangare na bindigar da gwamnati ke rabawa, kowa da irin ta kowa. Wani kuma kowa ya zo da tasa, amma da sharaɗi uku: kada nauyinta ya wuce laba 10, kada kunamarta ta saki da abin da bai kai laba 3 ba, kuma ban da madubin hangen nesa. Sharuɗɗan nan su ne katangar farko da aka gina don kada mai kuɗi ya saye nasara, ko da yake masu kuɗin ne dai suka cika fagen. A 1862 aka fara gasar Garkuwar Elcho tsakanin Ingila da Sukotlan, mutum takwas-takwas, a yadi 800 da 900 da 1,000, Ailan ta shigo a 1865. Maƙera suka duƙufa. William Metford ya gano cewa kwarmi marar zurfi da dalma mai ɗan tauri sun fi ramin Whitworth, John Rigby na Dublin ya bi wannan hanya, kafin a ankara Whitworth ta zama tsohon yayi.

Duk waɗannan ta baki ake ɗura su, kamar dai ta maharbanmu, amma ɗurin nasu sai ka ce haɗin magani. Tun a gida mutum ya auna albarushin kowane harbi a sikeli, ya zuba a 'yar kwalba tata daban. A fage zai tsai da bindiga, ya zura dogon mazurari don ƙwayar albarushi ta sauka ƙasa ba ta manne a jikin bututu ba, ya sa toshi, ya ɗauko harsashi mai nauyin kusan giram 35 wanda aka naɗe da siririyar takarda, ya tura shi a hankali da sanda. Sannan ya kwanta. Da yawansu rigingine suke kwanciya, ƙafafu na fuskantar allo, bututu a kan cinya ko tsakanin gwiwoyi, wani ma ya zagayo da hannun hagu ta bayan wuya ya riƙe gindin bindiga. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka hutawa suke. Dalili kuwa shi ne ƙashi ya fi tsoka tsayuwa wuri ɗaya. Harsashin kansa ba miƙewa yake ba, sai ya hau sama fiye da ƙafa 30 a tsakiyar tafiya kafin ya gangaro kan allo, kamar jifan gafiya da hoge.

A 1873 mutanen Ailan suka ci Garkuwar Elcho karon farko, da bindigogin Rigby. Daɗi ya kwashe shugabansu, Manjo Arthur Leech, ya aika wa jaridar New York Herald takardar ƙalubale ga maharban Amurka, da sharaɗin su zo da bindigar da aka ƙera a ƙasarsu. Amurkawa a lokacin sababbin shiga ne. Shekara biyu kacal da kafa tasu NRA, a 1871, wadda William Church da George Wingate suka assasa saboda takaicin yadda suka ga sojan Arewa na ɓarnar harsashi a yaƙin basasa. Filin Creedmoor ma a 1873 aka buɗe shi, a tsohuwar gonar wasu mutane da ake kira Creed. Wani ƙaramin kulob na 'yan sha'awa a Niyok shi ya amsa ƙalubalen, alhali mutanensa ba su saba wuce yadi 600 ba, kuma babu bindigar yadi dubu ko guda a hannunsu. Kamfanonin Remington da Sharps suka ga kasuwa, suka ɗauki nauyin ƙerawa. Abin da suka fitar mai ɗurin baya ne, harsashi da albarushi a kwanson tagulla guda, irin da gwanayen Turai ke yi wa kallon kayan soja, mai sauri amma marar saiti. Lewis Hepburn na Remington da George Yale na Sharps duk suna cikin mutum shidan Amurka, shi ma Rigby da kansa yana cikin na Ailan. Maƙera ne suka kwanta a ƙasa suna kare sana'arsu.

Kowa harbi 15 a kowane zango. A yadi 800 Amurka ta samu 326, Ailan 317. A 900 Ailan ta ɗan rage, 312 da 310. A 1,000 ta ƙara ragewa, 302 da 298. Henry Fulton na Amurka ya tashi da 171 cikin 180, ya fi kowa a ranar. Washegari aka yi ta yayata cewa mai ɗurin baya ta kayar da mai ɗurin baki, kamfanonin biyu kuma suka sha talla da wannan magana shekara da shekaru. Ni dai ban ga haka a lissafin ba. Nisa na ƙaruwa, Rigby na ƙara rinjaye. Ga kuma abin da ya faru a yadi 900: wani ɗan Ailan, Joshua Millner, ya saita da kyau ya harba ya samu cibiya, ashe allon maƙwabci ya harba. Doka ta ce sifiri. Da makin nan huɗu sun shiga littafi, da 935 ne da 934, da cibiyar Bodine da jininsa duk sun tashi a banza. Gasar da aka ce ta raba gardama tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ɗan kuskuren ido ne ya yanke ta.

Amma gaskiya ba ta da wuyar faɗa, abin da ya biyo baya ya goyi bayan Amurkawa. Sun bi mutanen Ailan har gida a 1875, a Dollymount kusa da Dublin, sun sake cinye su. A 1876, shekarar cikar ƙasarsu ɗari, suka gayyaci Ailan da Sukotlan da Kanada da Ostireliya, aka yi takara a kan wata doguwar kyauta mai tsayin ƙafa bakwai da rabi da kamfanin Tiffany ya ƙera, mai ɗauke da kalmar Palma. Suka ci. A 1877 suka ci haɗakar Birtaniya. Mai ɗurin baya tana da wata fa'ida da ba a lura da ita da wuri ba: ana iya buɗe ta a goge bututu tas bayan kowane harbi, kowane harsashi ya bi hanya mai tsabta. Daga nan gwanayen Ingila ma suka fara sauya sheƙa. Daga wannan zumunci aka gaji kofuna biyu da har yau ake takara a kansu a Amurka, Kofin Leech da Kofin Wimbledon. Ita kuwa kyautar Palma ta asali ta yi ɓatan dabo a ƙarni na 20, sunanta kawai ya rage a kan gasar ƙasashe da ake yi duk bayan shekara huɗu.

Shekaru ashirin da suka biyo baya sun sauya komai, zan ratsa su a gurguje. Eduard Rubin na Suwizalan ya sa wa dalma rigar ƙarfe a farkon shekarun 1880. Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi a 1884. Harsashi ya sirance, ya yi tsini, gudunsa ya kusa ninkawa. Wimbledon ta yi wa wasan kaɗan, gidaje sun matso, maƙwabta na ƙorafi, sai aka kwashe zuwa Bisley a yankin Surrey a 1890. A can aka yi harbin gasar Olamfik ta Landan a 1908, a ciki har da na yadi 1,000, harbi 20. Wanda ya ɗauki zinare da maki 98 cikin 100 wani dattijo ne ɗan Ailan. Sunansa Joshua Millner. Shekara 34 bayan Creedmoor, wannan karon allonsa ya harba.

Mutanen Bisley sun zaɓi tasu amsar, ita ce a daidaita kaya gwargwadon iko a bar mutane su bambanta. Shekaru da yawa bindigar soja ta .303 ake harbawa a Kyautar Sarki, wato wadda Biktoriya ta fara, daga baya aka koma 7.62. Har yau a babban taronsu harsashi iri ɗaya ake raba wa kowa, babu madubin ƙara girma, babu abin ɗora bindiga sai maɗaurin da ke zagaye dantse. A irin wannan fage ne gida ɗaya, na Fulton, ya ci kyautar uba da ɗa da jika: George a 1888, Arthur sau uku a 1912 da 1926 da 1931, Robin a 1958. A nan ne kuma Marjorie Foster, mai kiwon kaji wadda ta yi wa soja tuƙin mota a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta doke maza a 1930, mutanen ƙauyensu suka yi karo-karo suka saya mata mota. Wanda ya ci, a kan kujera ake ɗora shi, abokai su saɓa a kafaɗa, 'yan badujala na gaba, a zaga da shi. Kuɗin kyautar har yanzu fam 250 ne, yadda Biktoriya ta bar shi. A 1860 dukiya ce, yau ko rabin kuɗin bindiga ba zai biya ba.

In ana neman hujjar masu cewa mutum ne ke ci, babu kamar abin da ya faru a Camp Perry, jihar Ohayo, a 1921. Wani tsoho mai shekara 62 daga jihar Washinton, George Farr, ya shiga gasar Kofin Wimbledon. Bai zo da bindiga ta musamman ba, Springfield ta soja ya karɓa daga rumbun gwamnati, da harsashin da ake raba wa kowa. Abin duban allonsa rabin ƙaramin madubin kallon wasa ne da ya yanke. Doka a lokacin ita ce in ka gama harbinka 20 duk a cibiya, sai ka ci gaba har ka kuskure. Tsoho ya gama ashirin, ya nemi ƙari. Aka kawo, ya ƙarar, aka sake kawowa. Mutane suka bar abin da suke yi suka taru a bayansa. Sai da ya jera 70 a cibiya daga yadi dubu, duhun magariba ne ya tsai da shi. Duk da haka ba shi ya ɗauki kofin ba. Wani sajan na sojan ruwa, John Adkins, ya jera 75, da bindiga mai madubin hangen nesa. Kowane ɓangare na gardamar ya samu abin kafa hujja a yini ɗaya. 'Yan kallo suka haɗa kuɗi suka saya wa Farr bindigar, hukuma kuma ta ga cibiya mai inci 36 ta yi faɗi, aka zana wata ƙarama a cikinta. Haka abin yake tafiya tun daga lokacin: kaya su gyaru, allo ya tsuke.

Wasu kuwa suka ce a daina wahalar da kai, a cire mutum daga lissafi a ga iyakar ƙarfen. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harbin kan teburi ya bunƙasa a Amurka, ƙungiyarsu ta kafu a 1951. Mutum na zaune, bindiga na kwance a kan maɗori da jakar yashi, kunama kuwa ba ta fi nauyin giram 50 ba, numfashi ma ya kusa tayar da ita. Ba ruwansu da cibiya, abin da ake aunawa shi ne yadda harsashi biyar suka taru. A 1975 wani likita, Lou Palmisano, da wani maƙeri, Ferris Pindell, suka fito da ɗan gajeren harsashi mai ƙiba da ake kira PPC, wanda ya mamaye fagen har yau. A 2013 Mike Stinnett ya harba biyar daga yadi 100, tazarar da ke tsakanin mafi nisansu inci .0077, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Rami ɗaya ne a takarda. A ganina wannan ya fi kama da ɗakin gwaji a kan wasa, sai dai duk wani maharbin nesa na cin albarkacinsu, don su suka koya wa duniya yadda ake zaunar da bututu, da auna albarushi ƙwaya-ƙwaya, da gyaran kwanso.

Abin da duk wannan bai magance ba shi ne iska. Harsashin .308 da aka harba yadi dubu, in iska mai gudun mil 10 a awa na busowa daga gefe, za ta kau da shi kimanin ƙafa takwas. Cibiyar allon zamani a wasu ajujuwa faɗinta inci 10 ne, da wata mai inci 5 a ciki. Ke nan in iska ta ragu ko ta ƙaru da mil ɗaya ba ka lura ba, ka fita. Kuma ba iska ɗaya ba ce, ta wurinka daban, ta tsakiyar fili daban, ta gaban allo daban. Shi ya sa za ka ga maharbi ya fi daɗewa da ido a madubin duba fili a kan saitin bindiga. Yana kallon tutoci, yana kallon ciyawa, amma babban malaminsa kawalwalniya ce, wannan rawar zafi da muke gani a kan kwalta da azahar. In tana tafasa tana hawa sama, iska ta kwanta. In ta karkata tana gudu kamar ruwan rafi, to ga inda ta nufa, ga kuma saurinta. A gasar ƙasashe akwai mutum na musamman da ke zaune kusa da maharbi, ba ya harbi, aikinsa ya karanci iska, ya murɗa saiti, ya ce yanzu. Sau da yawa shi ne mafi daraja a tawagar.

Tsufa ma ya kawo nasa sauyin. Wani ɗan Kanada, George Farquharson, ya ga abokansa na barin fage saboda ido ya raunana, dantse ya gaji, alhali karatun iskarsu na nan daram. Ya matsa har aka yarda a buɗe musu aji mai madubi da maɗori, aka sa masa harafin farko na sunansa, F-Class. An yi gasar duniya ta farko a Ottawa a 2002. Abin dariya, ajin da aka buɗe don tausayin tsofaffi shi ya koma fagen tseren kaya mafi zafi, har sai da aka sa iyaka: kilo 10 a ɓangaren da kowa ke zaɓen harsashinsa, kilo 8.25 a ɓangaren da aka taƙaita ga .308 da .223. Dokar laba goma ta zamanin Rigby ce ta dawo da sabuwar riga.

Sabon yayi shi ne wanda aka tsara a Amurka a 2012 da sunan PRS, ya bazu har aka yi gasar duniya ta irinsa a Faransa a 2022. Nan babu shimfiɗa mai daɗi. Faranten ƙarfe ne warwatse a nisa dabam-dabam, daga yadi 300 zuwa sama da 1,000, a ba ka kamar minti ɗaya da rabi ko biyu ka harba goma, wani daga kan dutse, wani daga kan tayar mota, wani ta tsakanin katakai. Wannan ya juya tunanin zaɓen kaya. A da ana neman harsashi mai ƙarfi da zai keta iska, shi ya sa Ben Comfort ya girgiza Camp Perry a 1935 da babbar .300 H&H. Yanzu ƙananan harsasai masu milimita 6 ake so, a cikin bindiga mai nauyin kilo 9 ko 10, don kada ta yi harbin jaki ta kau da idon mai ita. Yana so ya ga inda harsashinsa ya tada ƙura, ya gyara na biyu nan take. A aljihunsa akwai 'yar na'urar Kestrel da ke auna iska da zafi da nauyin sararin sama, ta lissafa masa yawan murɗin da zai yi wa madubi. Abin da mutanen Creedmoor ke tarawa a littafin aljihu shekara da shekaru, yau daƙiƙa biyu ne.

To mai shiga sabo, me zai saya? Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne littafin dokar ajin da za ka shiga shi ne farkon abin dubawa, don shi ke faɗin nauyi da harsashi da irin saiti. Mutane da yawa sun sayi bindiga tukuna sannan suka tarar babu ajin da za ta shiga. Bayan haka madubi ya fi cancantar kuɗi a kan ado, kuma ba girman da yake ƙarawa ne abin dubawa ba, a'a, in ka murɗa shi goma ya tafi goma cif, in ka dawo da shi ya dawo inda yake. Bututu kuwa kamar tayar mota ne, cinyewa yake. Na ƙananan harsasai masu zafi kan gaji bayan harbi dubu biyu ko uku, na .308 kan ninka haka, don haka wanda ya zuba duk kuɗinsa a ƙarfe ya rasa na harsashin atisaye ya sayi doki ne babu kuɗin harawa. Masu shirya PRS sun san da wannan, shi ya sa suka ware aji mai iyakar farashi, wasu kuma suka koma ɗan ƙaramin .22 mai araha, wanda iska ke wasa da shi a yadi 200 kamar yadda take yi da manya a dubu.

Harsashin da ya fi jawo sababbin mutane cikin wasan a wannan ƙarni a Camp Perry aka yi hirarsa, a 2005, tsakanin Dennis DeMille, gwanin harbi, da Dave Emary na kamfanin Hornady. DeMille ya lissafa abin da yake so: wanda za a saya a kanti a shiga gasa da shi ba sai an haɗa a gida ba, marar dukan kafaɗa, mai jure iska. Aka fitar da shi a 2007 da sunan 6.5 Creedmoor. Yau ana buga sunan nan a gindin miliyoyin kwanso, yawancin masu harba shi ba su san Bodine ba balle Millner. Filin kansa ya daɗe da tashi. Gari ya cim masa kamar yadda ya cim wa Wimbledon, maƙwabta suka yi ta kuka da harsasan da ke ƙetare shinge, gwamnatin jiha ta karɓe shi, a 1912 aka fara kai masu taɓin hankali wurin. Asibitin na nan har yanzu a unguwar Queens, a kan titin Winchester, kusa da wani ɗan layi da ake kira Musket, sunan tsohuwar bindiga mai ɗurin baki.